An Cire Sunan Marka

Ana gobe suna, Malam Nomau ya sa babbar rigarsa ya tafi ofishin rajistar jarirai. Tun da aka kafa doka cewa ba a raɗa wa jariri suna sai abin da sunan ke nufi yana nan a duniya, kowa sai ya bi ta tagar wannan ofishi.

"Marka nake so a sa wa jikata," ya ce wa budurwar da ke aiki a wurin. "Sunan mahaifiyata ne."

Ta duba na'ura, ta girgiza kai. "Baba, an cire shi. Ga Nur, ga Haske, ga Iska, duk gajeru ne kuma akwai su."

"'Yar nan, ba gajeren suna ya kawo ni ba. Tsohuwata a tsakiyar damina aka haife ta, ruwa kwana uku bai ɗauke ba, har katangar gidansu ta zube. Shi ya sa aka ce mata Marka."

"Kwana uku?" Ta zaro ido. "Ba wanda ya je ya rufe?"

Shekara arba'in ke nan rabon Nomau da ganin hadari. Ya nuna sunan Haske da yatsa, ta buga masa takarda.

Har ya kai bakin ƙofa ta kira shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, wai da gaske ne ƙasa tana ƙamshi idan ruwan ya sauka?"

Ya dawo, ya jingine sandarsa, ya ja kujera ya zauna.