Jujin Ƙofar Gidan Ottmar

Irmtraud ta naɗe hannun riga, ta cusa hannunta cikin tarin takin har gwiwar hannu. Da ɗuminsa. Ta zaro, ta murza, ta kai hanci.

A ƙauyenmu na Hasselried haka ake neman aure tun kaka da kakanni. Ba ruwan kowa da halin mutum, jujin ƙofar gidansa ake dubawa. Babban juji, shanu da yawa. Tarihinmu ke nan kaf: kashin dabba da taƙama da shi.

Irmtraud bazawara ce. Mijinta ya rasu ya bar mata gajiyayyiyar gonar dankali, ba saniyar huɗa ko ɗaya. Ƙaninsa ya ce in bana ba a noma gonar ba, zai karɓe ta. Shi ya sa ta haye kogi zuwa gidan Ottmar, wani gwauro da bai daɗe da tarewa a bakin hanyar birni ba, wanda jujinsa ya kusa toshe taga.

Wari kam ba a magana, ƙudaje kamar ranar yanka. Ta tsinci ƙwallon ɗan itacen ceri a tafinta, ta yar.

"Bawan Allah, me suke ci haka? Wannan ai ya fi na gidan mai gari maiƙo."

"Suna cin mai kyau," in ji Ottmar yana sosa ƙeya. "Har da nama ran Lahadi."

Ta kwashe da dariya, ta ce mutumin akwai barkwanci. Sannan ta yi yadda kakarta ta koya mata: ta ɗan lashi yatsa don ta ji ko takin ya nuna. Tir!

Fasto ya yi shelar auren a coci, ba wanda ya kawo ƙorafi. Aka ɗaura, aka sha kiɗa. Ƙanin mijin ya tafi yana cizon yatsa.

Washegari ta ɗauki bokitin tatsar nono, ta tura ƙofar garken. Ba saniya, ba maraƙi, ba ko turke. Sai ganguna a jere, da wani ludayi mai dogon mariƙi.

"Maigida, ina shanun?"

"Waɗanne shanu kuma? Ai na ɗauka kin sani. Ni ne mai kwashe masai a barikin sojan birni."