Wa Ke Zuba wa Shingen Ashafa Guba?

Da hantsi Ashafa ya kama maƙwabcinsa Ɗayyabu a tsugune, yana barbaɗa wani abu a gindin shingensa. Ya caƙumi wuyan rigarsa, sai ƙofar mai unguwa a Likoro.

"Ranka ya daɗe, mutumin nan ya hana ni sakat!" in ji Ashafa. "Tun da katangar bayan gidana ta zube nake neman abin da zai raba ni da 'yan sa-ido. Na dasa zogale, awaki suka cinye. Na dasa lalle, mata suka tsige shi tas lokacin bikin wata amarya, Wasila. Yanzu na samu bini-da-zugu, wanda ko akuya ba ta kallonsa. Ya fara tofo ke nan, shi ne wannan yake zuba masa guba don ya ci gaba da leƙena!"

Mai unguwa ya dubi Ɗayyabu. "Me ka zuba?"

Ɗayyabu ya buɗe ledar hannunsa. "Taki ne, ranka ya daɗe. Kashin kaji. Kullum da safe a bayan shingen Malam Ashafa yake wanka, har da waƙa, duk mai wucewa sai ya yi a'uziyya. So muke shingen ya yi saurin tashi."

"Ku da wa?" Ashafa ya daka masa tsawa.

Mai unguwa ya yi gyaran murya, ya kawar da kai, sannan ya ce:

"Kajina ne, Ashafa. Gobe ma akwai buhu guda."