Matar da ke kan ciyawa

"Abin da kika jawo mu gani ke nan?" na ce wa 'yata. "Mutane tsirara, daga fitowarmu daga coci?"

"Mama, fasaha ce. Dubi hasken."

Tsofaffin hotuna ne marasa launi a ɗakin taron garinmu, ga matar fasto a bayana. Na kau da ido daga wata mata kwance tik kan ciyawa, na dubi rumbun da ke bayanta. Ai rumbunmu ne!

Surukata, uwar mijina, wadda kullum take yi min faɗa wai siket ɗina ya ɗage, ta gyara tabarau.

"Ciyawar nan ta soke ni ranar," ta ce da ƙarfi. "'Yar nan, tambayo min mai hotunan, ina wanda na hau tarakta?"