Giyar da Yaya Ke Aikowa daga Fotugal

Irmiya ya riƙe kan babur ɗin da hannu biyu. "Don Allah ka bi da ni ta daji. Jami'an kan iyaka sun koro ni, kuma gobe motar Agadas za ta tashi daga Maraɗi."

Ɗan acaɓan, wanda ya naɗe fuska da rawani, ya girgiza kai kawai.

To ina Irmiya zai koma? Ya riga ya sayar da shanun noman babansu a kasuwar Jibiya. Jiya aka yi masa bankwana a ƙauyensu, Kusa. Baba ya buɗe giyar inabin da babban ɗansa Filemon ke aikowa daga Fotugal duk Kirsimeti, yana kurɓa yana lumshe ido. "Je ka iske yayanka, ku ci arzikin Turawa tare."

Irmiya ya zaro kwalba ɗaya da ta rage a jakarsa. "Zan ƙara maka da wannan. Daga Turai ta zo, yayana ne ya aiko."

"Koma gida, yaro," in ji mutumin ƙasa-ƙasa, ya tayar da babur.

Irmiya ya cakumi kayan da ke ɗaure a baya don ya tsayar da shi. Buhun da aka rufe su da shi ya zame. Kwalabe ne cikin kwali, iri ɗaya sak da tasa.

Mutumin ya kashe babur, ya warware rawanin a hankali.

"Ita ta fi araha a Maraɗi," in ji Filemon. "Ban taɓa wuce can ba. Irmiya, ina shanun Baba?"