Lamba Ba Za Ta Koma Ɗaya Ba

"Sabuwar manhaja, sabuwar lamba," in ji manaja, yana tsaye a kan akanta. "Rasit ya fara daga ɗaya, da harafin sunana a gaba."

Akanta ko ɗagowa ba ta yi ba. Marigayi mai kamfanin ne ya fara lambobin nan da biro, tun yana sayar da ƙusoshi a kan tebur. Yau a share su kamar bai taɓa zuwa duniya ba? A gurbin lambar farawa a kwamfuta ta buga wadda ke bin rasit ɗin jiya, ta adana.

"Ba zan mayar ba."

Manaja ya dubi ma'aikata, ya gyara murya. "Idan akanta ba ta jin umarni, masu neman aiki sun yi yawa."

Ta cire tabarau, ta tura masa makullin ofis. "Bismillah, nemo. Amma da yamma ka zo ka kwashe 'ya'yanka daga ɗakina, na gaji da raino."

Manaja ya sosa ƙeya, ya durƙusa. "Haba Umma, a gaban ma'aikata? Shi ke nan, lambar Baba ta zauna."