Yayen Suwaiba

Kitso guda ne ya tsinko ɗungurungum a hannun Suwaiba. Yarinyar ta dube shi, ta dubi uwarta, ta ƙwalla ƙara.

Kwana goma sha takwas ke nan da aka yi wa Amatullahi ƙarin ruwan farko na maganin ciwon daji a Katsina. Tun ranar likita ya hana ta shayarwa, ya ce maganin yana bi ta cikin nono. Suwaiba kuwa watanta goma sha huɗu, kuma ba ta taɓa yin barci ba sai da jelar kitson uwarta damƙe a hannu. Aka yi yayen dole, aka kai ta wurin Salmatu, yayar Amatullahi da ke aure a Ɗan Isa, tsallaken iyaka. Wannan ne karo na farko da aka kawo ta gida Magama ganin uwarta, ga yadda aka ƙare. Ta ƙanƙame Salmatu, har suka hau mashin ba ta waiwayo ba.

Amai dai Amatullahi ta jure shi. Ta jure bakin da ko ruwa ta sha sai ta ji kamar ta lashi ƙarfe. Abin da ya fi ƙarfinta kishi ne, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba. Shekarar Salmatu tara da aure ko ɓari ba ta taɓa yi ba, ga gashi har gadon baya, wanda tun suna yara ake tsayar da su a hanya a yaba, ita Amatullahi tana gefe tana wasa da yatsu. Yanzu ga ɗiya ta samu a sama, ga kuma gashin da ɗiyar za ta riƙe.

Sai saƙonnin Salmatu suka fara ƙetarowa ta hannun direbobin Maraɗi. A aiko da zanen da Amatullahi ta ɗaura, kada a wanke. A aiko da ragowar humrarta. A turo ta waya waƙar da take lallashin yarinya da ita. Lawal, mijinta, ya riƙa kaiwa bakin shingen kan iyaka har da murnarsa, wai Yaya tana ƙoƙari. Namiji ke nan! Ita kuwa tana kwance, robar amai a gefe, tana ta saƙawa: zanena, ƙamshina, muryata. Me ya rage?

Mai kitson da ke zagaya garuruwan biyu ta shigo dubiya, ta ce rabon Salmatu da ta neme ta ya kusa wata guda. Amatullahi ta taɓe baki. Ina za ta sami lokaci, ai ta zama uwa.

Ranar da suka kira ta bidiyo, ta ga yayarta cikin zanenta, ɗankwali ɗaure tamau har gira, ta kuma ji Suwaiba ta ce da ita "Inna". Ta kife wayar ta yi kuka mai isarta. Ana jibi ƙarin ruwa na uku ta ce wa Lawal ko a dawo mata da ɗiyarta, ko ta tsallaka da ƙafarta.

Salmatu ta iso da azahar, rana na ƙuna. Ta cire hijabi tana ta gumi, ɗankwalin kuwa ko sassauta shi ba ta yi ba. Amatullahi ta amsa gaisuwa daga kwance, fuska a ɗaure.

"Yaya, aje min ɗiyata. Aikinki ya ƙare, na gode."

Salmatu ta kwantar da yarinyar a jikin ƙanwarta. Amatullahi dai ba ta manta da ƙarar nan ba. Suwaiba ta shinshina zanen, ta lafe. Sannan ta miƙa hannu ta zame ɗankwalin uwarta, kai ya bayyana babu komai. Amatullahi ta runtse ido tana jira.

Shiru. Sai ɗan tafin hannu da ke shafa mata kai a hankali, yana zagayawa, shafa irin ta wanda ya saba. Ba a jima ba yarinyar ta yi barci.

"Wa ya koya mata wannan?" Amatullahi ta tambaya.

"Kwana huɗu ta yi tana kuka in ta gani, daga nan ta saba," in ji Salmatu. Ta kai hannu ta kwance nata ɗankwalin, kanta a aske ƙwal, babu ko sili ɗaya.