Sai Ka Ga Idona

"Ka buɗe ƙofar nan, na ce. Ni ne."

"Kai ne wa?"

"Uban gidanka, wanda ya ɗauke ka aiki."

"To, sannu da ƙoƙari. Muryar kam ta yi, saura gyaran muryar nan tasa."

A waya ake wannan, Yaya, tsakanin wani ɗan majalisar jiha da maigadin gidan gonarsa. Tunda kai ma na ga ka fara sakin babbar riga kana kallon kujera, zauna ka ji yadda aka kai ga haka.

Honorabul ɗin ya daɗe a majalisa, shi ne kuma jagoran jam'iyya a yankinsu. Idan zai yi magana sai ya yi "ehem, ehem", ya gyara hula, ya ce "mu da muka kafa jam'iyyar nan". Da zaɓen fid da gwani ya matso, wani tsohon yaronsa ya fito neman kujerar. Sai Honorabul ya kwashe daliget, wato wakilan da za su jefa ƙuri'a, tsofaffi da mata da masu ciwon ƙafa, ya kai su gidan gonarsa can bayan kogi, inda mota ke shan wahala kafin ta isa. Ya karɓe wayoyinsu, ya sa kwaɗo. Sannan ya ja maigadi gefe ya ce kada ya buɗe wa kowa, ko direba, ko Hajiya, ko ɗan aike. "Ko muryata ka ji a waya, ba ni ba ne. Sai ka ga idona." Ya san abin da yake tsoro. A zaɓen da ya wuce shi ne ya ɗauko wani gwanin kwaikwayo ya kira wakilan abokin takararsa da muryar ubangidansu, ya tura su wani gari daban. Bai tsaya nan ba, ya matsa aka kafa doka cewa da zarar kwamiti ya zauna za a rufe zauren zaɓe, wanda ke waje ya sha.

Shirinsa shi ne ya je da kansa bayan azahar ya kwaso su. Da hantsi yana zauren yana gaisawa da jami'ai, sai kwamitin da uwar jam'iyya ta turo ya ce su fa hanya ce a gabansu, yanzu za a fara. Wakilan yaron nan 'yan kaɗan ne, amma ga su a zaune sun jera takalma. Kujerun Honorabul kuwa wayam. In ya tafi ɗauko su, ba zai dawo ba sai an rufe. In maigadi ya sake su yanzu, motocin da ke can za su iya kawo su da ƙyar. Ya koma bayan taga ya danna waya, gumi na bin wuyan riga. Ya yi "ehem, ehem". Maigadi ya ce, "Kai, ka ƙware." Ya yi zagi, ya yi rantsuwa, ya faɗi sunan uwar maigadin da garinsu. Daga baya murya ta karye, ya koma roƙo, har da "don Allah, ɗan'uwana". Nan maigadi ya tabbatar ƙarya ce, don tunda yake bai taɓa jin kalmar nan a bakin mai gidansa ba. Ya kashe wayar. Aka ja ƙofar zaure, aka karanto dokar da Honorabul ya kawo da kansa.

Da yamma ya isa gidan gona, hula a hannu. Wakilai suka taru a tsakar gida suna kallonsa. Maigadi ya taho da gudu, ya ƙame, ya miƙa makulli.

"Ranka ya daɗe, yau wani ɗan iska ya wuni yana kirana da muryarka, har da kuka. Ban buɗe ba. Ga su nan cif, ko ɗaya bai je zaɓen ba."

Sai wata tsohuwa ta miƙa hannu a ba ta wayarta.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.